Littattafai a Mataccen Firji

Lahadi, da hantsi

Lauya ba ta fito shan shayi ba. Uwarta ta kai mata ɗaki, ta dawo da shi yadda ta kai shi, har ya yi fata a sama. Na shanye, don ni ba na iya kallon asara.

Ban san wa nake yi wa bayani ba tunda ni kaɗai zan karanta wannan, amma bari in yi kamar masu ilimi. Lauya 'yata ce. Ni na laƙaba mata sunan tun tana ƙarama, don ko cewa ka yi rana ta fito sai ta nemi shaida. Uwarta kuwa Gwamnati nake ce mata, ita ke kafa doka, ni ina bi. Ni mai gyaran firji ne. Na yi boko har aji biyu na sakandare, daga nan ni da lissafi muka rabu baram-baram, kowa ya kama gabansa, kuma har yau ba wanda ya nemi wani.

A ajin ƙarshe na makarantar su Lauya, kowane ɗalibi sai ya zaɓi marubuci guda, ya karance duk abin da ya rubuta shi kaɗai, ba malami a kansa, ya rubuta kundi, sannan ya tsaya gaban malamai ya kare abin da ya rubuta. Ba kundi, ba takardar gamawa. Lauya ta zaɓi mutumin da take haddace maganganunsa tun tana aji ɗaya. Littattafansa bakwai. Ba zan rubuta sunansa ba, biro na sabo ne.

Jiya malamarsu ta adabi ta shirya mata zuwa gidansa ta yi masa tambayoyi. Ni na kai ta a babur. Ta shiga da littattafan a jaka don ya sa mata hannu. Ni na tsaya bakin ƙofa wurin maigadi, ina ba shi labarin firjin da na taɓa buɗewa na tarar da takalmin mai gida a ciki.

Ta fito da wuri. Ko maigadi ba ta yi wa sallama ba. Da muka hau titi ta ce, "Baba, mutumin nan..." Na ce, "Ya gane ubanki ne ya koya miki boko, ko?" Na yi dariyata ni kaɗai. Ba ta ƙara cewa komai ba har gida.

Litinin, bayan la'asar

Gwamnati ta sani. Ta daɗe a ɗakin yarinyar, ƙofa a rufe. Da ta fito ta ba ni kan labarin kawai, a tsaye, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Bai kai inda zuciyarka ta tafi ba. Amma ya isa."

Na ɗauko babbar sifana. Ta ce, "Ajiye."

Na ce yau sai an raba ni da shi.

Ta ce, "Kai da ko kaza sai ka kai wa maƙwabci ya yanka maka? In ka je ka fasa masa kai, gobe sunan wa za a yi ta kira a gari, nasa ko nata? Kuma ita ta ce kada ka je."

Na ajiye. An ce mai biyayya ga gwamnati ba ya kwana a kurkuku. Ban san wa ya ce ba, wataƙila ni ne.

Talata, da azahar

An kawo mini firjin wani da ya yi tafiya ya bar nama a ciki, wuta kuma ta ɗauke. Da na buɗe, mai shagon kusa da ni ya rufe shago ya tafi sallar da lokacinta bai yi ba. Ni kuwa na tsaya a kai ina sheƙa. Wallahi ya fi mini daɗi da ƙamshin da ke gidana.

Jakar littattafan nake nufi. Lauya ta fito da ita ta ajiye bakin ƙofar ɗakinta, ta riƙo ta da 'yan yatsu biyu kamar mataccen ɓera. Turarensa ne ya kama su. Duk ya sa musu hannu, kowane da ƙaton sa hannu mai wutsiya. Tsakar gida gaba ɗaya ta ɗauki ƙamshin.

Na kawo su shago na zuba a mataccen firjin nan na lungu wanda mai shi bai dawo ba. Robar ƙofarsa tana da kyau, ba abin da ke fita.

Laraba, da safe

Abin ya ƙi barin kaina: tana ciki da shi, ni ina bakin ƙofa. Ina ba da labarin takalmi. Maigadi har da riƙe ciki.

Alhamis, da hantsi

Na je wurin shugaban makaranta, da izinin Lauya da na Gwamnati. Na sa rigar da ba ta da maiƙo. Roƙona guda ne, a bar ta ta canza marubuci.

Ya saurare ni yana juya biro. Ya ce, "Malam, ka san wa kake magana a kai? Ɗakin karatun da ka wuce yanzu, shi ya cika mana shi da littattafai."

Na ce na gani, ranka ya daɗe, har da hotonsa.

Ya ce, "Yara mata a wannan shekarun, ka san su. Babban mutum ya yi musu wasa irin na kaka da jika, sai su ɗauka wani abu ne."

Na ce ni ma na yi kaka, ban san da irin wannan wasan ba.

Ya ce doka ce, sunan da aka rubuta a farkon shekara shi ne, ba a canzawa. Kundi ƙarshen wata. In ba ta kawo ba sai ta maimaita shekara. Ya miƙo mini hannu. Na karɓa. Wannan ne ya fi ci mini rai, na karɓa, har na ce na gode. Tun da na dawo nake wanke hannun da sabulun cire maiƙo.

Asabar, da yamma

Malamar adabi ta zo gida. Yarinya ce ita ma, ba ta fi ƙanwata ba. Ta zauna a bakin kujera tana murɗa gefen mayafi. Ta ce ita ta shirya zuwan, ta ce ba ta sani ba, ta ce ta roƙi shugaba ya ƙi. Sai ta fashe da kuka, Gwamnati ta koma lallashinta. Haka duniya take, mai ciwo na ɗaki, ana yi wa mai dubiya fifita.

Da ta tafi Lauya ta fito. Ta rame a 'yan kwanakin nan. Ta ce, "Ba zan rubuta ba. Su riƙe takardarsu."

Wannan yarinyar da tun tana firamare take cewa sai ta tsaya a kotu.

Gwamnati ta ce, "Ya ɓata miki Asabar guda. Kada ki ɗauki shekara sukutum ki ƙara masa."

Ta ce, "Mama, ba zan iya taɓa su ba. Ko bangon na gani zuciyata tashi take."

Na ce, "To ni fa? Hannuwan nan sun taɓa abin da ya fi su wari. Ni in riƙe in karanta, ke ki rubuta."

Gwamnati ta ce, "Kai? Kai da takardar magani sai ka ba ni?"

Lauya ba ta yi dariya ba. Amma ba ta ce a'a ba.

Litinin, bayan la'asar

Mun fara. A shago, bayan na sallami mutane, ƙofa a buɗe don iska. Ta kifa bokiti ta zauna ta ba ni baya, takarda a kan gwiwa. Na ɗauko littafi mai jan bango daga firji, na sa tabaran Gwamnati, na ɗora yatsa a kan layi.

Karatuna kamar tsohon kwamfiresan firji ne, ya yi gurnani, ya tsaya, ya sake tashi. A shafi guda ta gyara mini kalma ta fi goma, ba tare da ta juyo ba. Ashe duk a kanta suke. Lambar shafi kawai take nema daga wurina, da tabbacin kalma.

Abin da ta riga ta rubuta kafin Asabar ɗin nan yabo ne zalla. Ta ce in ta karanta shi ji take kamar wata ce ta rubuta, wata sakarya.

Na ce sakarci gado ne, ta yi haƙuri.

Laraba, da yamma

Yau na yi dariya. A cikin mai hoton kwale-kwale akwai wurin da wani tsoho ke faɗa da akuyarsa, kafin in ankara dariya ta kuɓuce mini. Sai na ji kamar na haɗiye ƙuda.

Lauya ta ce, bayanta a gare ni, "Yi abarka, Baba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya iya rubutu."

Da bai iya ba da sauƙi. Kyan ɗan maciji.

Alhamis, da azahar

Na kasa cin abinci. Yatsuna turare suke.

Asabar, bayan la'asar

Don kada barci ya kwashe mu, na fara ba mutanen littafin murya. Alƙali na yi masa muryar shugaban makaranta. Ɓarawo na yi masa tawa. Na kuma tanadi wata siririyar murya ta musamman don mata, wadda na kwaikwayo daga Gwamnati in tana ciniki a kasuwa.

Sai dai ban samu na yi amfani da ita ba. Da mace ta buɗe baki, kafin in gyara maƙogwaro an katse ta. Ko miji ya ce ya isa, ko wani ya yi sallama, ko ruwa ya kece. Na ce, "Kai, an cuce ni. Muryar da na kwana ina gogewa ta tashi a banza. Matan mutumin nan ba wadda ke kai ƙarshen magana."

Lauya ta juyo. Karo na farko ke nan da ta kalli littafin a hannuna.

Ta ce, "Sake karanta wurin."

Na sake.

Ta ce, "Koma mai jan bango, inda matar ke tsaye bakin rijiya."

Na koma. Matar ta ce kalma uku, guga ya faɗa rijiya, shi ke nan.

Ta ƙura wa bangon shago ido, leɓenta na motsi, tana bin littattafan a kanta ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Shekara shida ina karanta su da ido. Ido tsallakewa yake." Sai ta yage yabon nan gaba ɗaya, ta ba ni in goge maiƙo da shi. Takarda ce mai kyau, tana sha.

Na ba Gwamnati labari ina taƙama, na ce ashe ni ma farfesa ne ba a sani ba. Ta ce, "Kai ka gano maza na katse mata? Kai?" Na ce me take nufi. Ta buɗe baki za ta faɗa, na ce ko dai kishin ilimina take. Ta rufe bakin, ta kalle ni, ta ci gaba da wanke-wanke.

Lahadi, da safe

Na farka da muryarta ta ranar nan a kan babur a kunnena.

"Baba, mutumin nan..."

Talata, da yamma

Aiki ya kankama. Yanzu maganar mata kawai nake karantowa, ita tana kwafewa da lambar shafi. Mun gama shida har da ƙaton, saura ɗan siririn. Ƙaton nan in ka jefi kare da shi sai an yi maka shari'a, amma duk abin da mata suka faɗa a ciki bai cika shafi ba. Akwai wata uwa da ta haifi jarumin, ta raine shi, ta mutu, abin da ta furta duka shi ne "to" da "sannu da zuwa".

Lauya ta ci abinci yau har ta ƙara. Ta yi mini gardama a kan yadda ake furta wata kalma, ta nemi shaida. Na juya na yi kamar ina neman sukurudireba.

Malama ta karanta rabin kundin. Ta ce ya fi na da nesa ba kusa ba, amma tana tsoro. Lauya ta ce, "Malama, akwai ƙarya a ciki?" Ta ce babu. Ta ce, "To."

Alhamis, da azahar

Sun gayyace shi.

Alhamis, bayan la'asar

Bari in rubuta da kyau. Ranar kare kundi makaranta kan gayyaci babban baƙo. Shugaba ya ga tunda bana akwai ɗalibar da ta yi nazarin mutumin, ai babu wanda ya fi dacewa. An buga a allon sanarwa da hotonsa. Shugaban da na zauna gabansa na faɗa masa. Wanda na ce wa na gode.

Lauya ta dawo ta wuce bayi kai tsaye. Muna jin ta daga tsakar gida.

Na nemi sifana ban gan ta ba. Gwamnati ta ɓoye tun ranar nan da na fara ɗauko ta.

Juma'a, da yamma

Ta ce ba za ta je ba. Kundin na nan a kammale, an ɗinke, amma in ba a tsaya an kare ba, kamar ba a rubuta ba ne.

Na fara lissafo dabaru. In ce ba ta da lafiya. In je in kwance wa motarsa wani abu. In saki gas a ɗakin taron. Gwamnati ta ce, "Malam, yi shiru. Ba kai za ka tsaya ba, ba ni ba ce. A bar ta ta yanke."

Ta ce wa yarinyar, "In kin je muna bayanki. In ba ki je ba muna bayanki. Shekara ba ta kashe kowa ba."

Na yi shiru. Yana da wuya, kamar riƙe atishawa.

Lahadi, da hantsi

Ba ta yanke ba tukuna. Na goge babur sau biyu.

Litinin, da sassafe

Ta fito da kayan makaranta a goge. Ta ce, "Baba, yau ba a bakin ƙofa za ka tsaya ba."

Litinin, bayan la'asar

Ɗakin taro ya cika, iyaye a baya, malamai a gaba. Shi yana tsakiyar babban tebur kusa da shugaba, da furfura mai kyau, da sanda mai kan azurfa. Turaren ya riga shi isowa layinmu. Gwamnati ta damƙe mini gwiwa, har yanzu wurin na zafi.

Yara uku suka riga ta. Ban ji ko kalma ba.

Da aka kira ta, ya yi murmushi ya gyara zama, irin na wanda za a yi wa kirari. Ta tsaya. Ta buɗe takardarta. Ta faɗi sunan kundin da muryar da ba ta kai layi na uku ba. Wani ya ce a ɗaga murya. Ta ɗaga.

Ta ce za ta fara da karanto duk abin da mata suka faɗa a ƙaton littafin, daga farko har ƙarshe. Ta karanta. Kafin ruwan shayi ya tafasa ta gama. Ta ce, "Shi ke nan." Wata uwa a gabanmu ta yi dariya, sai ta toshe baki.

Ta ci gaba, littafi bayan littafi, shafi da lamba. Ba ta zage shi ba. Har ta ce wurin tsoho da akuya ba ta taɓa karanta abin da ya fi shi ba. Ta ce marubucin da ya iya sauraron akuya haka, ba rashin kunne ne ya hana shi sauraron mata ba. Tana cikin bayanin dalilin da take gani, sai ya jawo makirufo gabansa, yana 'yar dariya mai taushi.

Ya ce, "'Yata, bari in taimake ki a nan. Abin da ba ki fahimta ba..."

Ta juya ta kalle shi. Tun Asabar ɗin nan ban ga ta kalli wani haka ba.

Ta ce, "Ban gama magana ba."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Amma har fanka na ji tana juyawa, kuma na ji ƙarfen da take juyawa a kansa ya kusa mutuwa. Shugaba ya buɗe baki. Malamar adabi, yarinyar nan mai kuka, ta miƙe tsaye ta ce dokar zaman ita ce ba a tambaya sai ɗalibi ya kammala. Ta koma ta zauna.

Ya saki makirufo. Lauya ta koma daidai kalmar da ta tsaya, ta kai ƙarshe. Da aka ba da damar tambaya ya ce ba shi da ita, yana duban agogo.

Ta ci. Ba su ba ta maki mafi girma ba, sun ba wani yaro da ya yabi nasa marubucin tun daga bango har bango. Shugaba ya sanar da sakamakonta yana kallon silin. Mutumin kuwa an raka shi har mota, ana riƙe masa ƙofa, hotonsa na nan a ɗakin karatu. Malama ta raɗa wa Gwamnati cewa muddin tana makarantar ba ɗalibar da za ta ƙara taka gidansa. Iyakar abin da muka samu ke nan. Ban ce ya isa ba.

Talata, da yamma

Mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo. Na nuna masa firjin lungu. Ya ɗaga ya ce ya yi nauyi, me ke ciki? Na ce ilimi. Na tambayi Lauya ko a bar mata wani. Ta yi tunani, ta ce a ciro mai kwale-kwale a shanya shi a rana, wataƙila wata rana. Sauran suka tafi a kura.

Muka rufe shago na ɗauko ta a babur. Mun zo daidai kwanar nan ta gidan mai, inda ta fara a wancan karon, sai ta ce, "Baba, mutumin nan..."

Wallahi wata magana ta zo mini har bakin haƙori, mai kyau ce kuma, da maigadi ya ji ta da ya faɗi ƙasa. Na haɗiye ta. Na gangara gefen titi, na kashe babur.

Ta faɗa mini duka. Ta daɗe. Ta tsaya a wurare, na jira. Ba zan rubuta ba, nata ne.

Da ta yi shiru na ƙara jira, ko akwai saura.

Ta ce, "Na gama, Baba. Tayar mu je gida."